Hannun Mutari Baduku

Ni na yi laifi a kan hannun Mutari Baduku, ba shi ba. Shekara uku mutanen Balbeji suna cewa kwaɗayinsa ne ya kashe masa hannu, ni kuwa na san ba haka ba ne, domin daga bakina maganar ta fito. Na fara da wannan ne don kada mai karatu ya zaci wani tsoho ne ya zauna yabon kansa. Karatuna bai yi nisa ba, allo ne da ɗan yaƙi da jahilci da na shiga da gemuna. Abin da ya faru shi zan rubuta, yadda ya faru.

Sunana Habu, sana'ata tausa. A Balbeji nake zaune, ina bin kasuwannin Damargu, daga Tanut zuwa Gangara da ƙauyukan kwarin Tarka. Samarin yanzu in sun gan ni riƙe da hannun mutum sai su yi dariya, wai wannan ma sana'a ce, ai kowa ya iya matsa. Wani har ya ce mini shi in bayansa ya riƙe, jikansa yake sa wa ya hau ya tattaka, ba ya neman gwani. Na ce masa ya gode Allah da bayansa ne, ba wuyan hannunsa ba.

Ciwon da aka fi kawo mini shi ne sagewar hannu. Ba karaya ba ce, ba targaɗe ba. Mutum zai ce maka yatsunsa uku, babba da manuni da na tsakiya, suna yi masa minjirya, kamar ana soka masa ƙananan ƙayoyi. Ƙaramin yatsa kuwa lafiya lau. Abin yana tashinsa daga barci, sai ya yi ta yarfe hannu kafin ya samu sauƙi. Da safe ya ɗauki ludayi, ludayi ya suɓuce. In ka tambayi aikinsa, ba ya wuce daka, ko tatsa, ko saƙar tabarma, ko ɗinki, ko aikin rijiya. Rijiyoyinmu kun san su. Sa yakan yi tafiya mai nisa da igiya kafin wasaki, babban gugan fata, ya leƙo, wanda ke tsaye a baki kuma shi zai tarbi wannan nauyi ya juye a kwami, tun safe har rana ta faɗi.

A wajen kawuna Ari na koya, a Gangara. Maɗori ne, tausa kuma ita ce rabin aikinsa. Shekarar farko bai bar ni na taɓa jikin mutum ba. Salka yake cikawa da ruwa rabi, ya shimfiɗa ta a tabarma, ya ce in kora ruwan daga wannan baki zuwa wancan da tafin hannu, kada in bar shaidar yatsa a fatar. Na yi ta yi har na tsani ganin salka. Wata rana ya ja ni wajen mahauta, ya sa aka tsaga masa ƙafar rago ta gaba, ya buɗe da tsinke.

Ya ce, "Duba nan. Igiyoyi nawa ka gani?"

Na ce, "Da yawa, Kawu."

"Ta ina suke wucewa?"

"Ta wuri ɗaya, matsattse."

"To haka wuyan hannun mutum yake. Igiyoyi da yawa, ƙofa ɗaya ƙarama. Cikinsu akwai wata fara mai laushi, ita ke kai ji ga yatsu. In aiki ya yi yawa sauran suka kumbura, ita suke matsewa. Kai kuma ka zo da ƙarfinka ka danna ƙofar. Me ka yi?"

Na ce, "Na ƙara matse ta."

Ya jefa wa mahauci ƙafarsa, ya ce, "Kada ka manta. Ranar da ka manta, wani ne zai biya, ba kai ba."

Aikin kansa ga yadda yake. Ka ɗuma ruwa da 'yar kanwa a kasko, ka gasa hannun da tsumma. Ka shafa mai. Daga kusa da gwiwar hannu ake farawa, inda naman yake da kauri, a riƙa murzawa ana korawa sama, domin can igiyoyin suka taso kuma can suke ɗaurewa. Sannan ka kama tafin da manyan yatsunka biyu ka buɗe shi gefe da gefe, a hankali. Ka ja yatsu ɗaya bayan ɗaya. Tsakiyar wuyan hannu kuwa shafa kawai ake yi a wuce. In ka gama, ka fere tsagin reshen goriba guda biyu, ka naɗe su da tsumma, ka ɗaure hannun a miƙe don kada ya lanƙwashe cikin barci. Sai abin da ya fi duka wuya, ka sa mutum ya ajiye aikin da ya jawo masa ciwon har kwana arba'in.

Kayan aikina ba su da yawa, jaka ɗaya ce. Kasko, tsummoki, 'yar wuƙar fira, da tandu biyu, ɗaya na tsohon man shanu ɗaya na man aduwa. Akwai lokacin da Buzaye ke kawo kitsen jimina daga arewa, mutane kuma sun yarda da shi ƙwarai. Kawu yakan saya, amma ya ce mini aikin mai ɗaya ne, kada fata ta sale. Ko da man gyaɗa ka yi, in hannunka ya san hanya, za a warke.

Na tuna wata Bafulatana, Dije, da ta zo mini a kasuwar Gangara bayan rasuwar Kawu, lokacin na fara zaman kaina. Tatsa ce ta sage mata hannun dama. Mu kuwa asalinmu Barebari ne, abokan wasan Fulani, saboda haka tun kafin ta zauna ta fara.

"Kai bawana, an ce ka iya hannu. Ko da yake ban taɓa ganin Babarbaren da ya iya wani abu ba ban da cin tuwo."

Na ce, "Miƙo, Inna. Yau dai baiwa ta zo hannun ubangidanta."

Ina cikin murzawa ta ce, "Me kake yi can sama? Nan ne ke ciwo, nan ƙasa! Kana shafa ni kamar ƙwan zabo. Danna mana, in ji a jikina."

Ban danna ba. Ta tafi tana mita, wai ta yi asarar tafiyarta. Allah ya taimake ta rani ne, shanu sun ƙafe, hutun ya zo mata ba da sonta ba. Da damina ta dawo da ƙwaryar nono, ta buɗe hannu ta rufe a gabana, ta ce ashe akwai Babarbare guda mai amfani. Na kawo labarinta ne don ku gane halin masu zuwa wurinmu. In ba ka sa mutum ya yi ƙara ba, gani yake ba ka yi aiki ba. Mai tausa kullum yana tsakanin abin da hannu ke so da abin da mai hannun ke so.

Muguwar shekara ta zo 'yan shekaru bayan samun mulkin kai. Ruwa ya ɗauke gero yana fid da kai. Ciyawa ba ta yi tsawo ba, tabkuna suka ƙafe da wuri, makiyaya suka gangaro rijiyoyi tun kafin lokacinsu. Rijiya ba ta hutawa, wasaki kuwa fata ne, yau ya yage gobe ya huje. A Balbeji duka ba wanda ya kai Mutari ɗinkin wasaki. In ya ɗinka maka, sai fatar ta mutu ɗinkin bai saki ba. Ya girme ni da kamar shekara goma, Yaya nake ce masa. Gidansa da baki da yawa.

Da hantsi ya zo rumfata ta bayan kasuwa, ba kowa sai ni. Ya zauna ya ce, "Habu, basilla tana faɗuwa daga hannuna."

Basilla ita ce babbar allurar da baduku ke huda fata da ita, babban yatsa da manuni ke riƙe ta. Na karɓi hannun na ƙwanƙwasa tsakiyar wuyansa da yatsa, ya zabura, ya ce abin ya harba har ƙarshen yatsu. Na haɗa hannayensa biyu na duba. Tudun naman da ke gindin babban yatsa na dama ya fara lotsawa, bai kai na hagu cika ba. Kawu ya sha gaya mini, in ka ga wannan tudu ya fara kwanciya to babu sauran ciniki, a ajiye aiki a ranar, in wata ya wuce ba sauƙi a nufi likita.

Na ce, "Yaya, kwana arba'in ba za ka taɓa basilla ba."

Ya yi dariya. "Kwana arba'in? Je ka ga ƙofar gidana. Buzaye da Fulani sun yi zango, kowa da yagaggen wasakinsa. In na zauna, dabbobin mutane su sha me? Yarana su ci me? Bana ko rabin rumbu ban samu ba."

Na ce haka ciwon yake, ba ni na tsara ba.

Ya miƙe yana karkaɗe riga. "To shi ke nan. An ce akwai wani wanzami a Tanut, ƙaho yake yi da lalas, wato ƙuna da ƙarfe mai zafi, kwana uku mutum ya koma aikinsa. Zan bi kamyon Laraba, babbar motar 'yan kasuwa."

Nan na yi kuskuren farko. Ba tausayin yaransa ne ya motsa ni ba, kada in yi wa kaina ado. Tunanin da na yi shi ne a ce babban badukun Balbeji ya tsallake rumfar Habu ya tafi Tanut neman magani. Na ce, "Zauna, Yaya. Ba sai ka je ko'ina ba. Ci gaba da aikinka. Ka riƙa zuwa kullum bayan la'asar, ni zan riƙe maka hannun."

Abin da na riƙa yi masa shi ne abin da aka hana ni. Nakan lanƙwasa yatsa in sa gaɓar a tsakiyar wuyan hannun, in danna da nauyin jikina har ya cije leɓe. In an yi haka hannu yakan mutu na ɗan lokaci, zafi ya kwanta, mutum ya zaci sauƙi ne. Mutari ya riƙa tashi yana sa mini albarka. A rumfar dukawa yana cewa Habu ya fi kawunsa, kawun shafa yake yi, wannan kuwa aiki yake. Mutane suka ƙaru a wurina. Wajen wata biyu muna haka.

Wata la'asar ya zo da fara'a ya ce, "Ƙanena, zafin ya tafi gaba ɗaya. Kwana huɗu ke nan ina barci har asuba."

Ku samari, ku riƙe wannan ko da ba za ku yi sana'ar ba. Hannun da ke zafi yana da rai. In zafi ya tafi alhali ba a huta ba, a gwada yatsun da tsinke, mutum ya rufe ido, a ga ko yana ji. Tsinken yana cikin jakata. Ban ɗauko ba, don na san abin da zan tarar. Na ce, "Alhamdu lillahi," na shafa masa mai.

Ranar kasuwa abin ya fito fili. Yana yanka fata wuƙa ta zame ta shiga manuninsa har ƙashi, bai sani ba, sai wani Buzu da ke jiran wasakinsa ya nuna masa jini a kan fatar. Aka ce ya haɗa babban yatsa da manuni, suka ƙi haɗuwa. Dukawa suka rako shi rumfata, jama'a ta biyo su. Sarkin dukawa, dattijo ne mai nauyin kunne, ya tsaya a kaina ya ce, "Habu, wata biyu hannun nan yana wurinka. Yaya aka yi?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, tun ranar farko na ce ya huta kwana arba'in. Ya ƙi."

Mutari ya ɗago kai. "Habu, ba kai ka ce in ci gaba da aikina ba?"

Na ce, "Ni? Jama'a, akwai wanda na taɓa yi wa tausar hannu a nan ban ce ya huta ba?"

Nan take mutum uku ko huɗu suka ce gaskiya ne, su ma haka na gaya musu. Ba ƙarya suka yi ba. Shekara da shekaru ina faɗin haka ga kowa, shi ya sa ƙaryata ta zauna daram. Mutari ya sake cewa, "Wallahi shi ya ce." Wani daga baya ya ce, "Haba Mutari, ka kashe hannunka don kwaɗayi, kuma za ka shafa wa bawan Allah?"

Anfirme, wato malamin ƙaramin asibitinmu na disfansar, ya ɗinke yankan, ya ba shi takarda zuwa babban asibitin Damagaram. Ya je ya dawo. An ce masa ya makara, naman ya riga ya shanye. Sanda yana iya riƙewa, basilla kuwa har abada. Mutumin da ake zango a ƙofarsa ya koma jiƙa fata da kankare ta da hannun hagu a ƙarƙashin waɗanda shi ya koya wa ɗinki. Ba hannun kaɗai ya rasa ba. In ana neman shaida a ciniki ko a ɗaurin aure, a da shi ake fara kira. Bayan wannan rana aka daina.

Akwai abin da ya fi wannan muni, shi ma zan rubuta. Ƙaryar ta yi mini amfani a sana'a. Duk wanda na ce ya huta ya fara gardama, sai in ce, "Ka ga Mutari?" Nan da nan ya yi laushi. Na faɗi haka a Tanut, na faɗa a Gangara, har labarin ya riga ni zuwa ƙauyukan da ban taɓa takawa ba. Muna haɗuwa da shi a masallaci, ya ce "Ina kwana," in ce "Lafiya lau, Yaya," kowa ya nemi takalminsa.

A shekara ta uku, ranar kasuwa da hantsi, na ɗaga kai na gan shi tsaye a bakin rumfa, matarsa Hajo tana bayansa. Tun da hannunsa ya mutu ita ke riƙe da gidan, da saƙar tabarma da dakau a gidajen mutane. Ta riƙe hannun dama da na hagu, irin riƙon da na sani tun daga nesa.

Na ce, "Bismilla, ku shigo ciki."

Mutari ya ce, "A'a. Fito da tabarmarka nan waje. Ba don ina so na kawo ta ba, ba wani mai tausa ne a garin. Abin da za ka gaya mata kuma ka faɗe shi da ƙarfi, kowa ya ji. Na daina maganar mutum biyu."

Na fito da tabarma. Na duba hannun. Tudun yana nan da cikarsa, yatsu suna jin tsinke. Na gasa, na murza daga gwiwar hannu, na buɗe tafin, na tsallake ƙofar, na ɗaure da tsagin goriba. Na ce da ƙarfi, "Kwana arba'in, ba kaba ba taɓarya."

Hajo ta ce, "Malam Habu, to mu ci me?"

Kafin in amsa, wata mai sayar da daddawa da ke kusa ta ce, "Ke dai Hajo bi maganar gwani. Kada ki yi irin ta mijinki."

Aka yi 'yar dariya. Mutari yana tsaye riƙe da ƙunshin kayanta a hammata. Hajo ta juya ta dubi matar ta ce, "Shekara ashirin da wani abu ina gidansa, bai taɓa yi mini ƙarya ba. Abin da ya ce an gaya masa, an gaya masa." Ba ta dube ni ba ko sau ɗaya, hannunta kuwa yana cikin nawa.

Bari in faɗi abin da ya biyo baya tun yanzu, don ba shi ne ƙarshen zancen ba. Hannun Hajo ya warke, geron da suka ci a kwanakin hutun daga rumbuna ya fita. Rumfata ta yi kusan shekara ba mai zuwa sai baƙin da ba su ji labari ba, kuma har yau akwai gidajen da ba sa kawo mini hannu. Daidai ne.

A ranar dai, na gama ƙulla tsumman, na wanke hannuna, na ce, "Yaya, rako ni rumfar dukawa."

Ya ce, "Me zan yi can? Yau ba ni da fata a ruwa."

Na ce, "Ni ke da magana."

Muka ratsa kasuwa, yana gaba ina baya. Dukawa suna zaune layi, kowa da aikinsa a cinya, masu jiran takalmi da wasaki sun cika wurin. Sarkin dukawa yana kan buzunsa. Na cire takalmi na durƙusa, na fara magana. Muryata ba ta fita sosai ba. Na kai rabi sai Mutari ya taɓa kafaɗata da mataccen hannun.

Ya ce, "Habu, Sarki ba ya ji sosai. Ranar nan da ƙarfi ka yi magana. Yau ma haka za ka yi."

Na miƙe tsaye. Masu ɗinki suka ajiye basilla. Na ce:

"Ranka ya daɗe, jama'a, ku shaida. Ranar da kuka kawo mini Mutari da jini a hannu, ƙarya na yi muku. Na ce ya huta, gaskiya ne, amma da ya ce zai tafi Tanut ni na ce ya zauna ya ci gaba da aikinsa. Ni na danne masa jijiya wata biyu, ina sane an hana. Na ga alamar hannun zai mutu na yi shiru. Ba kwaɗayinsa ba ne, girman kaina ne. Duk inda kuka ji an ce 'ka ga Mutari', ni na kai maganar, ku mayar da ita kaina. Yaya Mutari, hannunka ba zan iya maido maka da shi ba. Gaskiya ka faɗa ran nan, ni na ƙaryata ka. Don Allah ka yafe mini."